Zuwa Ga Ɗan Gwaggona Na Maikujera, Mai Rufe Wa Mota Baki Da Salatif

Ɗan gwaggo, gaisuwa mai yawa, ba don halinka ba, don darajar gwaggo. Yaya Maikujera, yaya zafi, yaya kasuwar albasa? Ka gaishe mini da mutanen Rabah baki ɗaya, ka shaida musu ɗan kawunka, wato ubangidanka, yana nan Sakkwato lafiya lau, babu abin da ke damunsa sai kunyar da kake ja masa.

Labari ya iso mini tun ƙurarka ba ta kwanta ba. An ce ka rabu da akwalar Golf 3 ɗin nan da ta gama aikin lada, ka haɗa da kuɗin tafarnuwa, ka sayo Corolla 'yar Amurka ƙirar 2006, har yara ba sa jingina da ita sai sun nemi izini. Na yi maka murna. An ce kuma ba a jima ba wata fitila ruwan ɗorawa, mai hoton inji, ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Kai kuwa da yake Allah ya hore maka basira irin ta 'ya'yan mata, sai ka yanko baƙin salatif ka manne ta. Da aka yi maka magana a tasha, ka ce, "Mota dai tana tahiya, mi ar ruwana da wata hitila?" Madalla da wannan ilimi. Da masana'antar Toyota ta san da kai, da tuni ta rufe sashen injiniyoyinta ta buɗe shagon salatif.

Yanzu kuma ga saƙon muryarka ya shigo, mai tsawon huɗubar Juma'a. Ka ga wata na'ura a TikTok, ana jona ta a mota tana zuba lambobi ja da kore da shuɗi a jikin gilashi, kana so in gaya maka wadda za ka saya mai araha. Na saurara har ƙarshe ban ji ka tambayi abin da take aunawa ba. Abin da ka tambaya shi ne ko haskenta yana kaiwa waje har na bakin titi su gani. To, na zaɓi in ba ka amsa a jarida, don in ka yi wauta daga baya a samu shaidu.

Fara da durƙusawa. Na san girman kai ba zai so ba, amma ka leƙa ƙarƙashin sitiyari wajen gwiwarka, za ka ga wani soket mai ramuka 16, layi biyu, sama ya fi ƙasa faɗi ko ƙasa ya fi sama, gwargwadon yadda aka ɗaura shi. Sunansa OBD2. Ba don kai aka yi shi ba, kada ka ɗauka. Hayaƙin motoci ne ya addabi biranen jihar Kalifoniya, musamman Los Angeles, hukuma ta tilasta wa masu ƙera mota su sa kwamfutar mota ta riƙa lura da kanta, in wani abu ya lalace da zai ƙara hayaƙi ta kunna fitila ta ajiye bayani. Daga ƙirar 1996 duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka sai da wannan soket da wannan tsari. Turai ta bi sahu, masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Wato fitilar da ka ɗaure wa baki, doka ce ta ƙasashe ta kawo ta. Kai ka soke ta da salatif na naira ɗari.

A nan ne sa'arka take, ba dabararka ba. Da yake motarka 'yar Amurka ce, ɗaga bonet ka duba wata takarda da aka liƙa a cikinsa, za ka ga an rubuta OBD II, magana ta ƙare, kowace na'urar kirki za ta karanta ta. Da a ce tsohuwar Golf ɗinka ce, da kuɗinka sun tafi a banza: wasu Golf 3 ɗin ma soket ɗinsu daban ne, masu ramuka 16 ɗin kuwa yawancin na Turai yaren kamfanin Volkswagen kaɗai suke ji, sai da igiyarsu ta musamman da kwamfuta. Fijo 504 mai kafireto ba ta da kwamfutar da za a tambaya tun farko. Tsofaffin Toyota kuma wani ɗan akwati gare su a wajen inji, kanikawa na haɗa ramukan TE1 da E1 da guntun waya, fitila ta riƙa ƙiftawa suna ƙirgawa. Har motocin da aka ƙera don kasuwar Dubai ko Japan ko Afirka, sau da yawa za ka tarar da soket ɗin, ka jona na'ura, a yi shiru. Don haka abokanka na tasha da za su ce su ma a sayo musu, kowa ya fara sanin asalin motarsa da shekararta. Ganin soket ba shi ne jin magana ba.

Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne kan zancen: na'urar nan tafinta ce. Mota ce ke magana, ita kuwa ta juya maka zuwa abin da za ka fahimta. Tafinta ba ya gyara, ba ya duba ƙasa, kuma in bai iya yaren mai magana ba, sai ya yi shiru ko ya ƙaga nasa. Yarukan da motoci ke yi ta wannan soket biyar ne. Daga 2008 Amurka ta tsayar da guda ɗaya mai suna CAN, amma motocin da suka riga wannan shekara, irin naku na 'yan gwanjo, kowace da wanda ta gada. Shi ya sa zaɓen tafinta ya fi muhimmanci gare ka fiye da mai sabuwar mota.

Iri uku ne a kasuwa da aljihunka zai iya. Na farko ɗan ƙaramin toshi ne da ake cusawa a soket, ba shi da fuska ba shi da maɓalli, yana aika bayani zuwa waya ta Bluetooth. Shi ya fi kowanne araha, bai kai kuɗin cika tankinka ba. Kusan duk za ka ga an rubuta musu ELM327. Asalin wannan suna na wani ƙaramin kamfanin Kanada ne, Elm Electronics, wanda ya ƙirƙiro ƙwayar lantarkin da ke jin yarukan nan biyar. Mutanen Sin suka kwafe ta, suka cika duniya da ita, shi kuwa mai asalin ya rufe harkarsa a 2022. Wato kusan duk wanda za a miƙo maka a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas ko shagon intanet kwafi ne. Kada ka tsaya rantsuwa da mai shago a kan orijina. Tambayar ita ce kwafin kirki ne ko na banza.

Ga abin dariya, wanda na san zai rikita ka, kai da ke ganin babbar lamba ita ce babban abu. Akwai masu rubutun v1.5, akwai masu v2.1. Kamfanin asali bai taɓa fitar da 1.5 ba, masu kwafi suka ƙaga lambar. Duk da haka masu amfani da su sun daɗe da lura cewa na 1.5 ɗin, musamman mai ƙwayar PIC18F25K80 a ciki, ya fi jin tsofaffin yaruka, yayin da yawancin masu arahar da aka buga wa 2.1 an rage musu kaya, sukan karanta sabuwar mota su yi bebantaka a tsohuwa. Amma rubutu a jikin roba ba shaida ba ne, kowa na iya buga abin da ya ga dama. In kana da ɗan ƙarin kuɗi, nemi mai sunan da aka sani, irin Vgate ko Veepeak. OBDLink ya fi su, ya kuma fi su tsada. Araha ba ta ado, amma tsadar da ba ka buƙata ita ma wauta ce.

Hanya ɗaya ce tak ta raba gardama. Kai motar ƙofar shagon, jona, kunna inji, ka ga lambar juyin inji tana hawa in ka taka totur, ka ga zafin ruwa ya fito, sannan ka sa hannu a aljihu. Wayarka Tecno ce, don haka ba ka da matsala, ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Ranar da girman kai ya kai ka ga iPhone, ka sani tsohon Bluetooth na waɗannan masu araha ba ya shiri da ita, sai mai WiFi ko mai sabon Bluetooth da ake rubuta wa BLE ko 4.0.

Iri na biyu na riƙewa a hannu ne, mai igiya da 'yar fuska da maɓallai. Autel da Launch da Ancel da Foxwell duk suna da ƙanana masu sauƙin kuɗi. Ba ruwansa da waya, ba ruwansa da caji, daga motar yake shan wuta. Ka jona, ya nuna lambar ciwo, ka cire ka jefa a aljihun mota. Ga mutum irinka, wanda wayarsa kullum take hannun yara suna kallon wasan kwaikwayo ko take wajen mai caji, wannan ya fi kwanciyar hankali. Aibinsa shi ne ba a tuƙi da shi. Yana gaya maka abin da ya riga ya faru, ba ya tsaye a kanka lokacin da abin ke faruwa.

Iri na uku shi ne masoyinka, allon da ake ɗorawa a gaban direba. A nan ne ake yi wa irinku kallon kitse a miƙo rogo. Wasu allunan da tauraron GPS suke aiki, a soket ɗin cajin waya ake jona su, gudu da agogo kawai suke nunawa, ba su san akwai inji a motar ba. In mai shago ya ga idonka yana ƙyalli, shi zai ba ka. Wanda kake nema shi ne mai igiyar OBD2. Manyan da suka yi suna a Amurka su ne ScanGauge da UltraGauge, ScanGauge II lamba huɗu yake nunawa a lokaci guda, babu ado ko kaɗan, kuma shekara da shekaru direbobi na yaba shi. Ƙananan na Sin sun fi araha, akwai masu kyau a cikinsu. Abin da za ka duba uku ne: yana nuna zafin ruwa da ƙarfin batir a lamba, ana iya sa masa iyakar da zai yi ƙara in an ƙetare ta, kuma ana iya karanta shi da tsakar rana. Mai haska lamba a jikin gilashi, wanda ya sace maka zuciya, a ɗakin duhu aka ɗauki hotonsa. Fito da shi ranar Afrilu a kan hanyar Achida ka nemi lambar, in ka gan ta ka zo in ba ka goro.

Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa ban ce ka bar zancen gaba ɗaya ba. Zafi. A ƙasarmu ta gabashin Sakkwato, inda bazara ke haura digiri 40 a inuwa, kai kuma ka loda wa Corolla buhunan albasar Wurno har gindinta yana gaida ƙasa, ba abin da ke kashe inji da sauri irin zafi. Allurar zafin da ke gabanka ba ta faɗin gaskiya duka. A motoci da yawa an tsara ta ta zauna a tsakiya ko da zafin yana hawa da sauka, don kada direba ya riƙa firgita, sai abu ya yi nisa take motsawa. Wasu motocin ma babu allurar, fitila shuɗiya ce da ja. Ita kuwa kwamfuta ainihin lambar take gani, allon kuma ya nuna maka ita. Inji mai lafiya yakan zauna tsakanin digiri 85 da ɗan abin da ya haura 95, fanka ta tashi ta sauko da shi. Sa ƙarar a kan 105. In ta yi kuka, kashe na'urar sanyi, nemi gefe ka tsaya. In ka ga 110 yana neman wucewa, kashe inji. Kan silindar motarka na alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, kuɗin albasar shekara su tafi gareji. Kuma kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa, fuskar nan taka ba ta da rarar kyan da za ta yi asara.

Wani gargaɗi, don na san ka. Yawancin na'urorin nan da ma'aunin Amurkawa suke zuwa. In ka kunna ka ga 200, kada ka yi tsalle ka bar motar da fasinja a ciki kana salati. Digiri 200 a ma'aunin Faranhait wajen 93 ne a namu na Salshiyos, lafiya lau ke nan. Shiga saiti ka juya shi, ka juya mil zuwa kilomita.

In kuwa ka ga lambar ta ƙi kaiwa 80 a buɗaɗɗiyar hanya, musamman da safiyar hunturu, kada ka yi murna wai injinka mai sanyin hali ne. An cire masa tamostat. Al'adar garejinmu ce, mota na sauka daga Kwatano a zare shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Ita kuwa kwamfuta in ta ga inji bai ɗumama ba sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba ana iya kau da kai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta haura 500 cikin 'yan kwanaki ta kuma ci gaba da hawa, wannan ɗan ƙarfe da aka jefar ya zama haraji a kanka kullum.

Lamba ta biyu da za ka sa wa ido ita ce ta batir. Mota a kashe, lafiyayyen batir yana wajen volt 12.6. Inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. In kana tafiya ka ga ta sauko 12 tana ci gaba da zamewa, altaneta ta daina caji, batir kaɗai ke riƙe da kai, kuma ba zai daɗe ba. Kashe duk abin da ke shan wuta, har rediyon da kake ƙure wa murya, ka nufi gari mafi kusa.

Sai lambobin ciwo, waɗanda salatif ɗinka ke zaune a kansu. Kowace harafi ɗaya ce da lamba huɗu. P na inji da giya ne, B na gangar jiki, C na birki da ƙafafu, U na wayoyin da kwamfutocin motar ke zance da juna ta cikinsu. In sifiri ya biyo harafin, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, na kamfanin ne, sai ka nemi fassarar Toyota. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta, P0302 ta biyu, P0300 kuwa tsallaken ya bazu. P0420 na cewa matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata. A motocinmu sau da yawa dalilin mai sauƙi ne, wani ya riga ka, ya fasa ya kwashe ta ya sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Ka kuma bambance fitilar da ta tsaya cak da wadda ke ƙiftawa. Mai tsayawa tana cewa a duba ni ba da jimawa ba. Mai ƙiftawa tana cewa tsallaken wuta ya yi tsanani, ɗanyen mai na zuba cikin salansa, sassauta yanzu. Ta ƙarƙashin salatif duka biyun kamarsu ɗaya.

Amma ga inda masu sabuwar na'ura ke faɗawa rami. Lamba na nuna inda aka ji ciwo, ba ta ce je ka sayo kaza ba. Ɗauki P0171, wadda injin Corolla irin taka ya yi suna da ita. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa. Mai gaggawa zai ce a canza sansar hayaƙi, ya biya, fitila ta dawo. Alhali yana iya zama ƙurar hunturu ce ta rufe sansar da ke auna iska a bayan matatar iska, a fesa mata abin wankinta ta warke. Yana iya zama gaskit ɗin bututun shigar iska ne ya bushe yana zuƙo iska ta gefe. Yana iya zama famfon mai ne ya gaji da dattin man galan da kake saye a bakin titi. Manhajar waya za ta nuna maka lambobi biyu, STFT da LTFT, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa bisa ɗari. Kusa da sifiri lafiya. In ƙarin ya wuce 10, akwai magana. In yana da yawa mota na tsaye, ya ragu da ka taka totur, nemi inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya. In sai ka taka ne yake ƙaruwa, dubi famfo da sansar iska. Da wannan za ka shiga gareji da bakinka, bakanike ya san yau ba ranar yanka ba ce. Ban ce ka koya masa aikinsa ba. Shi ke da hannu da kunne da shekaru, kai lamba kawai ka kawo.

Na san maɓallin da za ka fi so, na gogewa. Danna ɗaya fitila ta mutu, ka fito kana gyara hula a ce ɗan gwaggo ya zama injiniya. To wannan salatif ne mai batir. Ciwon na nan, fitilar za ta dawo, kuma ka share bayanin da kwamfuta ta adana na daidai lokacin da abin ya faru, gudun mota da zafinta da juyin inji, wanda shi ne zai taimaki mai gyara. Ka rubuta lambar ko ka ɗauki hotonta, a gyara, sannan a goge. Wannan maɓalli dillalai sun riga ka saninsa. Amma yana barin sawu: bayan gogewa, gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta sukan koma matsayin ba a kammala ba, sai an yi tafiye-tafiye kafin su cika. Da ka je sayen motar nan da ɗan toshi a aljihu, ka ga duk gwaje-gwajen a buɗe, da ka san an yi shara kafin zuwanka. Wata dabarar ko sisi ba ta ci: murɗa makulli ba tare da tada inji ba, dole fitilar ta kama. In ba ta kama ba, an zare ƙwanta. Ka gode wa Allah taka tana da rai har ta samu wanda zai zalunce ta.

Kada kuma ka ɗora wa ɗan tafinta abin da ya fi ƙarfinsa. Da yake don hayaƙi aka kafa dokar, masu araha inji suke ji. Fitilar birkin ABS da ta jakar iska yawanci sai babbar na'urar gareji, irin Techstream ta Toyota. Ƙarfin bugun baƙin mai ba ya fitowa a yawancin motoci, domin abin da ke wurin makunni ne kawai mai kunna jar fitila. Zafin man giya ma sai manhajar ta san lambar kamfani. Ba zai gaya maka taya ta sude ba, ba zai ji ƙarar ƙafa ba, ba zai leƙa lagireto ya ga ruwan gulbin Rima da kake ɗura masa yana tara tsatsa ba. Sandar duba baƙin mai tana nan inda take, sai ka zaro ta da hannunka kowace safiya.

Saura abu biyu. Rami na 16 a soket ɗin kullum da wuta yake, ko an zare makulli. Toshi mai araha da ba ya barci zai yi ta tsotsar batir, in ka ajiye mota kwanaki ka tafi fadamar Goronyo wajen noman rani, ka dawo sai turi, kuma na san mutanen Maikujera sun gaji da tura ka tun zamanin Golf. Cire shi in za ka daɗe. Kada kuma ka sayo mai raba soket biyu ka jona allo da toshi tare, sukan yi ta katse wa juna magana. Na biyu, ka sauke manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba, mai fassarar lambobi a cikinta. Ba ka manta 2021 ba, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu har da Rabah da Goronyo. Ko yau ma akwai wuraren da sai ka hau tudu kake samun sabis. Na'urar da sai ta tambayi intanet kafin ta amsa maka ba ta hanyarku ba ce.

To ga hukuncin ubangida. In kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi ƙaramin allo mai igiyar OBD2, mai ƙarar zafi da ta batir, wanda kuma ke iya nuna lambar ciwo, ka bar shi a gabanka kullum. In ka samu rara, ƙara da toshi mai suna, ya zauna a aljihun mota don ranar bincike da ranar rakiyar aboki sayen mota. Ka gwada kowanne a jikin motarka kafin ka biya. Wasa wasa ne, ɗan gwaggo, amma ni da kai mun san halin da hanyoyinmu suke ciki a shekarun nan. Mutuwar mota tsakanin gari da gari bayan la'asar ta wuce zancen asarar kuɗi. Abin da zai gaya maka tun kana Wurno cewa caji ya tsaya ko zafi na hawa, har ka kwana cikin mutane maimakon ka kama hanya, ya fi ƙarfin kuɗin da aka sa masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ladan wannan karatu buhun albasa ne, manya, ba rubabbun da kake kai wa surukanka ba, da daurin tafarnuwa. Ka kawo da kanka har gida, a motar, ina so in ga lambar da allon zai nuna bayan ta hauro da kaya. In ta wuce 105 ka tsaya ka huta, albasata ba ta sauri. In kuma ka ga na yi maka ƙarya a wani wuri, filin nan a buɗe yake, ka rubuto amsa. Sai dai ka nemi wani ɗan makaranta ya duba maka rubutun tukuna, domin edita mutumin kirki ne, bai yi mana laifin komai ba.